Horon dogon hutu a fannin lafiyar muhalli: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Duk shekara da zarar dogon hutu ya ƙarato, sai tambayoyin nan su fara shigowa, kusan irin na bara sak. Ɗaliban kiwon lafiyar al'umma ne da na lafiyar muhalli, an tura su horon sanin makamar aiki na 'yan makonni, kowa da abin da ya dame shi. Na tara tambayoyin a nan in amsa sau ɗaya. Wanda ya sake kawo mini ɗaya daga ciki, nan zan turo shi.

Malam, za a biya ni?

Wani wurin akwai ɗan alawus, wani wurin babu. Ka tambaya tun kafin ka fara, ka sa a rubuta maka a takarda. Kullum kuwa ita ce tambaya ta farko.

Asibiti za a kai ni?

Da wuya. Likita yana jiran mutum ya kwanta ne a kawo masa shi, ku kuwa aikinku yana can inda cutar ke tasowa: matatar ruwa, mayanka, bola, masana'anta, ɗakin gwaji, ko ofishin da ake tattara alƙaluman cututtuka. Idan farar riga da na'urar sauraron ƙirji kake mafarki, ka shigo ta ƙofar da ba taka ba. Nemi takalmin roba.

Mako biyu ke nan ba abin da nake yi sai shigar da alƙaluma cikin kwamfuta. Wannan ma horo ne?

Horo ne, har ya fi wanda kake hange. A 1854 kwalara ta ɓarke a unguwar Soho ta birnin Landan, ta kashe mutum sama da 600. Wani likita, John Snow, ya karɓo jerin sunayen waɗanda suka mutu, ya bi gida-gida yana tambayar inda suke ɗiban ruwan sha, ya zana kowace mutuwa a kan taswira. Sai ga su sun taru kewaye da famfo ɗaya na titin Broad. Hukuma ta cire hannun famfon. A lokacin yawancin likitoci sun ɗauka gurɓatacciyar iska ce ke kawo kwalara. Jeri da lissafi ne suka ba shi gaskiya, wato ainihin aikin da kake rainawa.

Tunda an zaunar da kai, ka koyi Excel da kyau, ka leƙa manhajojin tattara alƙaluma irin su Epi Info da KoboToolbox. Ka kuma riƙe wannan: gurbin da aka bari fanko daban yake da sifili. Sifili na nufin an duba ba a sami mai cutar ba. Fanko na nufin ba a duba ba, ko rahoton bai iso ba. Ɗalibin da ya cike duk wani fanko da sifili don shafi ya yi kyau ya goge annoba da yatsansa.

Ɗibar samfurin ruwa ai ba wani abu ba ne, ko?

Haka kowa ke cewa, har sai sakamako ya fito. Kwalbar da aka ba ka an riga an kashe ƙwayoyin cutar da ke cikinta. Ɗan farin garin da ka gani a ƙasanta ba datti ba ne, sinadari ne da ke kashe ƙarfin kilorin, wato maganin da ake zuba wa ruwan famfo don kashe ƙwayoyin cuta, don kada kilorin ya ci gaba da kashe ƙwayoyin a hanya ruwan ya isa ɗakin gwaji kamar mai tsafta. Saboda haka ba a ɗauraye ta. Ka tsaftace bakin famfo, ka buɗe shi ya zuba na minti biyu zuwa uku. Murfin ya zauna a hannunka, bakinsa na kallon ƙasa, yatsanka bai taɓa cikinsa ba. Kada ka cika ta maƙil, bar ɗan sarari don a iya girgizawa. Rubuta wuri da rana da lokaci nan take a jikin kwalbar, ba sai an koma mota ba. Daga nan sai cikin kula mai ƙanƙara, a kai ta gwaji cikin awa 6 in da hali, kada dai ta wuce awa 24.

Na taɓa ganin ɗalibi ya cire murfi ya jefa a aljihun wando, ya cika kwalba, ya zaro murfin da ɗan zare a manne ya rufe. Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a sami ƙwayar E. coli, wadda ke nuna kashi ya shiga ruwa, ko ɗaya cikin mililita 100 na ruwan sha. Da ban gani ba, da aljihunsa ya sa an rufe wa mutane famfo.

Malam, ma'aikacin da aka haɗa ni da shi yana cike littafin awon kilorin ba tare da ya auna ba. Kullum 0.5 yake rubutawa. Da na auna da kaina sai na sami ƙasa da haka sosai. Ya ce in sa hannu kawai. Yaya zan yi?

To, 'yata, wannan ce tambayar da ta cancanci a zauna, kuma ba ni da amsa guda da za ta yi wa kowa daidai.

Ki fara da zargin kanki. Ba don kin yi ƙarya ba, sai don sabon hannu yakan yi kuskure. Ƙwayar DPD ta awon kilorin, wadda ake jefawa cikin ruwa ya koma ruwan hoda idan akwai kilorin, tana lalacewa idan ta daɗe ko ta sha danshi. Karanta launi a inuwa daban yake da karanta shi a haske. Wurin awo ma yana da tasiri, domin kilorin raguwa yake yi a cikin bututu, abin da za ki samu a bakin matata ba shi za ki samu a famfon ƙarshen layi ba. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da adadi biyu: aƙalla miligiram 0.5 a kowace lita bayan kilorin ya yi minti 30 cikin ruwan, sannan aƙalla 0.2 a inda mutane ke ɗiba. Mai yiwuwa kuma akwai na'urar da ke aunawa da kanta, mutumin daga fuskarta yake kwafa, ke ba ki lura ba. Ki sake awo da sabuwar ƙwaya, sau biyu ko uku, a ranaku daban-daban, ki rubuta wuri da lokaci da adadi a littafinki na kanki.

Idan har yanzu maganar tana nan, ki je masa da tambaya, kada ki je da tuhuma. “Yallaɓai, ni dai ga abin da nake samu, ko za ka nuna mini inda nake kuskure?” Sau da yawa nan ake jin gaskiya: kayan awo sun ƙare tun watanni, an rubuta takarda ba a kawo ba, kuma ofis ba ya karɓar littafi da gurbi fanko. Wannan ba ya wanke shi, amma yana nuna miki cewa ɓarakar ta fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma tozarta shi kaɗai ba zai ƙara wa ruwan kilorin ba.

Sa hannu kuwa, a nan ba ni da kokwanto. Kada ki sa hannu a kan adadin da ba ki auna ba. Ki faɗa da ladabi cewa makaranta ta hana ki. Ki jingina da mu, mun yarda.

Kada ki ɗauka ƙaramin abu ne. A watan Mayu na 2000, a garin Walkerton na lardin Ontariyo a Kanada, ruwan sama mai yawa ya wanko kashin shanu daga wata gona zuwa ɗaya daga rijiyoyin da garin ke sha. Mutum 7 suka mutu, kimanin 2,300 suka kwanta, a garin da bai kai mutum 5,000 ba. Kwamitin binciken da alƙali Dennis O'Connor ya jagoranta ya gano cewa ma'aikatan ruwan sun shafe shekaru suna rubuta adadin kilorin a takardar kullum ba tare da sun auna ba. Shekarun nan duka ba abin da ya faru, sai ranar da ya faru. Da suna awo, da sun ga kilorin ya ɓace tun da wuri.

Sauran ya danganta da gaggawa. Idan adadin ya ɗan yi ƙasa ne kawai, bi matakala: mai kula da ke a wurin, sannan malamin da makaranta ta ɗora a kanki, kina riƙe da abin da kika rubuta. Idan kuwa kilorin babu sam, ko gwaji ya nuna E. coli, ko kin ji ana yawan gudawa a yankin da ke shan ruwan, to ranar nan za ki faɗa, ba ranar kare rahoto ba. In na farko ya share ki, ki wuce wurin na biyu kafin rana ta faɗi.

Abin da ba zan ba ki shawararsa ba shi ne ɗaukar hoton littafin ki watsa a intanet. Kina iya zama mai gaskiya ki kuma jawo wa kanki shari'a, domin dokokin da ke kare mai fallasa sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, kuma ba lallai su rufe ɗalibar da ba ma'aikaciya ba. Kina kuma iya zama kin yi kuskure, kin ɓata sunan mutum, kin firgita jama'a suka bar famfo suka koma ruwan da ya fi shi muni.

Ba zan ɓoye miki ba, ko kin bi duk wannan a hankali, ana iya ɗaure miki fuska har ki gama, takardar shaidar da za a rubuta miki ta fito a bushe. Yana faruwa. Shi ya sa nake cewa ki shigo da malaminki tun da wuri, nauyin ya bar kanki ya koma kan wanda ba za a iya kayarwa a jarrabawa ba. Baƙo raɓa ne, makonni kaɗan za ki yi ki tafi, ba a ɗora miki gyaran ma'aikata ba. An dai ɗora miki abin da hannunki ya rubuta.

In ɗauki hoto don rahotona?

Na kayan aiki, da izini, eh. Na fuskar mutane, cikin gidajensu, ko takardar da ke ɗauke da sunan mara lafiya, a'a. Facebook kuma ba rahoto ba ne.

Allura ta soke ni a wurin tara sharar asibiti. Ƙaramar suka ce, in ƙyale?

Kai! Wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu, kada ka matse, kada ka tsotsa. Ka faɗa wa mai kula da kai yanzu, ka tafi asibiti yau. Maganin kariya daga ƙanjamau ana fara shi ne cikin awa 72, kuma gwargwadon saurinka gwargwadon amfaninsa, ana sha kwana 28. Kwantar da hankalinka, yawancin irin wannan suka ba ta kai ga kamuwa, amma ba a caca da ita. Ku kuma da ba ku fara ba, ku yi allurar rigakafin ciwon hanta nau'in B tun yanzu, sau uku ake yi, tana ɗaukar watanni. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tunda ana maganar haɗari: ko wa ya aike ka, kada ka shiga ramin masai, tanki ko magudanar ƙarƙashin ƙasa. Iskar da ke can tana warin ruɓaɓɓen ƙwai, idan ta yi yawa sai ta kashe maka jin wari, ka ɗauka ta wuce. Sau da yawa wanda ya shiga ceto ma can yake zama.

Mutane sun ƙi amsa tambayoyina, wata ma ta rufe mini ƙofa.

Haƙƙinta ne. Ka rubuta “ta ƙi amsawa”, ka wuce gida na gaba. Amma ka binciki kanka: ka yi gaisuwa? Ka faɗi ko kai wane ne, da abin da za a yi da amsar? Ko kuwa ka shiga da fom a hannu kana toshe hanci? Mutane sun daɗe da sanin duba-gari a matsayin mai cin tara, kai ne za ka nuna ba ita ta kawo ka ba. Wanda kuma ya koma gindin bishiya ya cike fom ashirin da kansa, muna ganewa. Amsoshin sukan yi kama da juna fiye da kima.

Yaya ake bambance tsutsar sauro?

Durƙusa ka duba. Wadda ta kwanta miƙe a ƙarƙashin fatar ruwa ta sauron maleriya ce. Wadda ta rataye kai ƙasa ta sauran ce. Leƙa tsofaffin tayoyi da gwangwanaye, can sauron da ke kawo zazzaɓin shawara da na dengi ya fi son yin ƙwai.

Za su ɗauke ni aiki in na gama?

Ba a yi maka alkawari ba. Karɓi lambar mutum ɗaya da ya ga aikinka da idonsa.

Yaushe zan fara rubuta rahoton?

Ranar farko, da yamma, kafin ka cire takalmi.