Ma'anar giredi a kasuwar tsofaffin sulalla

Duk wanda ya taɓa leƙa tallan tsofaffin sulalla a intanet zai ga wasu haruffa da lambobi a gefen kowace kwandala: VF-30, AU-58, MS-65. Wannan shi ake kira giredi, wato matakin da masana suka ajiye kwandalar a kai bayan sun duba lafiyar jikinta. Giredi ba ruwansa da shekarunta, ba ruwansa da ko zinariya ce ko tagulla. Abin da yake faɗa kawai shi ne: tun ranar da aka buga ta, me hannun mutane da aljihu da gogayya suka ci a jikinta? Kamar yadda ake raba auduga a kasuwar kaka, wannan lamba ɗaya, wancan lamba biyu, kuɗin kowace kuma ya bi lambarta.

Ma'aunin da ya fi yaɗuwa yana tashi daga 1 zuwa 70. Wani Ba'amurke, William Sheldon, shi ya fito da shi a 1949 don tsofaffin manyan kwabban tagulla na Amurka, waɗanda aka fara bugawa a 1793. Lissafinsa na farashi ne: idan kwabon da ya gama siɗewa kuɗinsa kaza ne, to mafi lafiya, wanda bai taɓa shiga hannu ba, zai ninka shi sau 70. Kasuwa ba ta daɗe ba ta yi watsi da wannan lissafi, amma lambobin suka zauna daram. A shekarun 1970 ƙungiyar masu tara sulalla ta Amurka, ANA, ta faɗaɗa ma'aunin ya game sauran sulallan ƙasar.

Kwandala mai lamba 1 da ƙyar ake gane irinta. Ta tsakiya, wadda ake sa wa VF, ta sha yawo amma zanenta na nan a fili. Daga 50 zuwa 58 su ne AU, waɗanda hannu ya ɗan taɓa. Daga 60 zuwa 70 kuwa MS ne, waɗanda ba su taɓa yawo a kasuwa ba, kuma 70 ita ce wadda ko da madubin ƙara girma sau biyar ba a ganin aibu a jikinta.

Ga yadda ake dubawa. Ɗauki dalar azurfa ta Amurka da ake kira Morgan, wadda aka buga daga 1878 zuwa 1904, aka sake bugawa a 1921. Mai duba zai riƙe ta ta gefe, ba zai ɗora yatsa a fuskarta ba. Sai ya karkata ta a ƙarƙashin fitila yana juyawa a hankali, yana kallon yadda sheƙin maƙera, wato ƙyallin da ta fito da shi daga wurin bugu, ke zagaya ta. Idonsa na kan wurare biyu da suka fi tudu: gashin da ke saman kunnen matar da aka zana, da gashin ƙirjin mikiyar da ke baya. Idan sheƙin ya yanke a nan, wurin ya yi dishi-dishi, to hannu ya ci, ta faɗo AU ke nan komai kyanta. Abin mamaki, sau da yawa AU-58 ta fi MS-60 kyan gani, domin waɗannan daloli an riƙa ajiye su dubu-dubu a buhu suna karo da juna, sai ka ga wadda ba ta taɓa fita kasuwa ba duk fuskarta tabo. Duk da haka lambar ta sama ita ke jan kuɗi. Morgan ta 1884 mai harafin S, wadda aka buga a San Francisco, tana da yawa a matakan ƙasa, amma a MS wuyar samu gare ta, har farashinta kan ninka sau da yawa saboda tazarar lamba biyu ko uku.

A nan rigimar take. Mai sayarwa ya ce 65 ce, mai saye ya ce 63, tsakaninsu kuma kuɗi ne mai kauri. Don raba wannan gardama aka kafa kamfanin PCGS a 1986, sai NGC a 1987. Kana aika musu kwandala, su tabbatar ba jabu ba ce, su ba ta giredi, su liƙe ta a cikin ɗan akwatin roba mai lambar rajista. Wannan ya taimaka ƙwarai, musamman ga sabon shiga, domin mutum na iya sayen abin da bai riƙe a hannu ba.

Sai dai giredi ra'ayin ƙwararre ne, ba sikeli ba ne. Akwai 'yan kasuwar da ke fasa robar su sake aika kwandala ɗaya, da fatan wannan karon a ƙara mata lamba, kuma wani lokaci ana ƙarawa. Tsofaffin hannu suna ƙorafin cewa ma'aunin ya yi sako-sako, abin da aka ba 64 da can yanzu 65 ake ba shi. Abin ya kai har a 2007 aka kafa wani kamfanin, CAC, wanda ya fara da duba sulallan da aka riga aka ba giredi, ya manna koriyar alama a kan waɗanda ya gamsu da su. Ni ina tare da masu cewa a sayi kwandala, kada a sayi roba. Wanda bai koyi duba da idonsa ba, kullum yana hannun wanda ya rubuta lambar.

Giredi kuma shi kaɗai ba ya yanke farashi, sai an haɗa da ƙarancin abin da kuma yawan masu nemansa. Kwandalar zinariya ta dala 20 ta 1933 da aka sayar dala miliyan 18.9 a 2021, tarihinta ne ya kai ta can: an narkar da kusan dukkan 'yan uwanta, ita kaɗai ce doka ta yarda wani mutum ya mallaka. Amma ƙananan sulallan tagulla na daular Rum, masu shekara fiye da 1,600, ana samun su da 'yan daloli kaɗan saboda sun yi yawa.

Wannan ya shafe mu, domin gidaje da yawa a ƙasar Hausa suna da kwabo mai huji da anini da taro da sisi a gindin adaka, ana kuma yawan jin jita-jitar cewa kowannensu miliyoyi ne. An fara buga kwabo da anini masu huji a 1907, kuma an buga su da yawan gaske, saboda haka wanda ya siɗe kuɗinsa kaɗan ne. Haka azurfar nan mai hoton sarauniya Mariya Tereza ta Ostiriya da fatake suka yi ciniki da ita: shekarar 1780 da ke jikinta ba ta nuna ranar bugu, domin an ci gaba da buga ɗaruruwan miliyoyinta da wannan shekara ɗaya, galibinsu kuma nauyin azurfarsu ne kuɗinsu.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne wanki. Mutum zai sami kwabo mai lafiya wanda ya yi duhun tsufa, ya ɗauko toka da lemun tsami ya goge shi tas don ya yi ƙyalli kafin ya nuna wa mai saye. Gugar nan tana kankare fatar da maƙera ta bari, ta bar siraran layuka da mai duba zai gani da zarar ya karkata shi a fitila. Irin wannan PCGS da NGC ba sa ba shi lamba ko kaɗan, sai dai su rubuta a jikin robar cewa an wanke shi, kuma masu saye kan zabge farashinsa sosai.