Tambayoyin da Ɗalibai Ke Yi Mini Kan Binciken Koguna da Tafkuna

Na gaji da maimaita waɗannan amsoshi a bakin ofis, shi ya sa na rubuta su.

Sai na yi digiri na uku kafin in koyar a jami'a?

Da digiri na biyu za a iya ɗaukar ka, amma ba za ka yi nisa ba.

Ba sauyin yanayi ne ke kashe kogunanmu ba?

Ɗalibin da ya tsaya a nan bai taɓa taka dausayin Haɗeja da Nguru ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke malale fadamun kowace damina ta ragu, ruwan da ake saki har da rani kuma ya bai wa ciyawar kachalla damar toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren kamun kifi. Ga kuma dagwalon masana'antun jima na Kano da ke kwarara cikin kogin Challawa.

Zan iya yin bincikena a Tafkin Chadi?

Ya danganta, kuma ba na son a ce na hana. Tafkin ya cancanci nazari, domin faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, sannan fari ya ƙafar da mafi yawansa a shekarun 1970 da 1980. Sai dai wannan aiki yana buƙatar ka ɗebi ruwa a wuri guda wata bayan wata, rani da damina, kuma rashin tsaro a gaɓar Borno yana iya raba ka da wurin a tsakiyar aiki. Hotunan tauraron ɗan'adam za su nuna maka faɗin ruwa, amma ba za su faɗa maka wane kifi ya ɓace daga komar masunta ba. Idan mai duba aikinka yana da abokan aiki a Jami'ar Maiduguri, wataƙila ya yiwu. In ba haka ba, ni da zan zaɓi Nguru ko tafkin Kainji, inda cibiyar binciken kifi ta New Bussa take kusa.

Akwai kuɗi a aikin?

Babu sosai. Ka koyi rubuta takardar neman tallafin TETFund, wato asusun gwamnati na tallafa wa manyan makarantu, tun yanzu.

Ban iya iyo ba, in haƙura?

Kada ka haƙura. Ka sa rigar kariya, ka zauna inda mai kwalekwale ya ce ka zauna.