Na sa hannu ba zan koma wajen abokan gogayyarsu ba, yanzu kuma na samu aiki a can

Tambayoyin nan kan sharaɗin kwantiragin aiki da ke hana ma'aikaci komawa wajen abokan gogayyar kamfaninsa bayan ya bar aiki kullum su ne dai, mai tambayar ne kawai ke canzawa, to ga su nan wuri ɗaya kowa ya karanta ya huta nima in huta.

Tunda na riga na sa hannu ai shi kenan ya hau kaina ko?

A'a. A ƙasashen da suka gaji dokar Ingila, duk sharaɗin da ya hana mutum neman abincinsa bayan ya bar aiki ana ɗaukarsa ɓatacce ne tun farko, kamfani ne zai zo ya gamsar da alƙali cewa akwai abin da yake karewa na gaske, kamar sirrin kasuwanci ko alaƙa da kwastomomi, kuma sharaɗin bai wuce gona da iri ba. Tsoron gogayya kawai ba hujja ba ce.

To ashe takardar banza ce, in yi tafiyata?

Wa ya ce maka haka? Kotuna na zartar da irin waɗannan sharuɗɗan, musamman a kan manyan ma'aikata.

Wallahi ban karanta ba lokacin da na sa hannu.

Wannan kuma kai ta shafa, ba alƙalin da zai saurare ta. Je ka nemo kwantiragin ka karanta yau, har da takardun da aka ba ka lokacin ƙarin girma ko bonas, don sau da yawa a can ake cusa sharaɗin.

Na ji an ce Amurka ta haramta abin gaba ɗaya.

Rabin labari ka ji. Hukumar kula da kasuwanci ta tarayya, FTC, ta fitar da ƙa'idar haramtawa a watan Afrilun 2024, amma wata kotun tarayya a Texas ta soke ta a watan Agusta tun kafin ta fara aiki. Kowace jiha da dokarta, Kalifoniya misali ta daɗe ba ta yarda da shi. Kuma in ba a can kake aiki ba ina ruwanka da dokarsu?

Za a iya ɗaure ni?

Kan saɓa kwantiragi kawai, a'a, kwantar da hankalinka. Sai fa in kotu ta ba da umarni ka take, ko ka saci bayanai.

Kwantiragina ya ce shekara ɗaya, sabon wurin kuma suna so in fara wata mai zuwa. In karɓa ko in haƙura?

To nan ne ba ni da amsa guda, duk wanda kuma ya ce maka "karɓi kawai" bai ga takardarka ba, ba shi za a maka a kotu ba.

Fara duba dokar wace ƙasa kwantiragin ya ce za a bi, galibi tana can ƙarshe inda ba mai karantawa. A Indiya sashe na 27 na dokar kwantiragi ta 1872 ya sa hani bayan barin aiki kusan ba ya tasiri. A Jamus ba zai wuce shekara 2 ba, kuma dole kamfani ya riƙa biyanka aƙalla rabin abin da kake samu duk tsawon lokacin da ya zaunar da kai. Faransa ma sai da biyan diyya. A Ingila kuwa babu dole a biya ka ko sisi, sai dai a auna ko sharaɗin ya dace, kuma wannan "ya dace" ɗin shi ne inda lauyoyi ke cin abinci.

Shekara ɗaya ga daraktan da ya san farashin da za a sa baɗi da sunan duk wani babban kwastoma, mai yiwuwa ta tsaya. Shekara ɗaya ga wanda aikinsa shigar da bayanai a kwamfuta, da wuya. Tsakanin biyun nan kuwa, inda yawancinku kuke, sai abin da alƙali ya gani. Za a duba faɗin yankin da aka hana ka, da irin aikin, shin an hana ka irin aikin da kake yi ne ko an ce kada ka taka ƙofar kamfanin ko da direba za ka zama. Masu kawo misali da shari'ar Nordenfelt da aka yi a Birtaniya a 1894 wai an zartar da hanin shekara 25 a duk duniya, eh an yi, amma mutumin kamfaninsa na ƙera bindigogi ya sayar ya karɓi kuɗinsa, ba ma'aikaci ba ne irinka.

Akwai wani abu da mutane ba su cika sani ba, a tsarin Ingila ana auna sharaɗin ne da matsayinka ranar da ka sa hannu. In kana ƙaramin ma'aikaci aka ɗaura maka sharaɗin da ya fi ƙarfinka, zamanka manaja daga baya ba zai gyara shi ba, sai dai in ka sake sa hannu a wani sabo. Haka in su suka kore ka ba bisa ƙa'idar kwantiragi ba, to a wannan tsarin su ma sun rasa damar riƙe ka da shi. Amma kada ka ga kalma ɗaya ta yi faɗi ka fara murna, a 2019 kotun ƙolin Birtaniya a shari'ar Tillman ta goge 'yan kalmomin da suka wuce iyaka ta bar sauran sharaɗin da ransa.

Ni abin da ya fi damuna ma ba wa zai yi nasara a ƙarshe ba ne. Tsohon kamfaninka zai iya garzayawa kotu neman umarnin dakatar da kai na wucin gadi, wannan kuma cikin makonni ake yinsa, ko kuma kawai su aika wa sabon wurin wasiƙa, su kuma su tsorata su janye tayin, ka tashi ba tsuntsu ba tarko alhali wataƙila kai ke da gaskiya. Don haka nuna wa sabon kamfanin sharaɗin tun kafin ka ajiye aiki, ka tambaye su ko za su ɗauki kuɗin lauya in rigima ta taso, a rubuce, ba "kada ka damu" ta waya ba. Wani lokaci ma in ka zauna da tsohon wurin sukan rage wa'adin, ko su ce ka je amma kada ka taɓa kwastoma kaza da kaza. In sun zaunar da kai gida suna biyanka lokacin notis, wato wa'adin sanarwar barin aiki, duba ko kwantiragin ya ce za a cire waɗannan watannin daga shekarar. Duk da haka dai, kai takardar wajen lauyan ƙwadago na ƙasar da kake kafin ka miƙa takardar ajiye aiki.

Kwastomomin nan ni na kawo su, kuma su ke kirana ba ni ke kiransu ba.

Karanta kalmomin da kyau. Wani sharaɗin zawarcinsu ya hana, wani kuma mu'amala da su gaba ɗaya ya hana ko da su suka neme ka. Batun kai ka kawo su kuwa, albashi ake biyanka lokacin da ka kawo su.

Zan iya tura wasu fayiloli imel ɗina, ai ni na rubuta su?

Haba ɗan'uwa. Kada ka kuskura. Kana ajiye aiki abu na farko da za su yi shi ne su ba masu kula da kwamfuta laftof ɗinka, su ga ƙarfe 11 na dare ana saura kwana 2 ka tafi ka tura wa kanka jerin sunayen kwastomomi da farashi, ko ka soka filash. Sharaɗin da alƙali zai iya yin watsi da shi, kai da hannunka ka ba shi ƙarfi. Ƙwarewar da ke kanka taka ce ba mai ƙwace ta, amma fayil nasu ne.

Sun turo min wasiƙar lauya, hankalina ya tashi.

Wasiƙa ce, ba hukunci ba, kuma da yawa a nan maganar ke tsayawa. Kada ka amsa cikin fushi, kada ka goge komai a waya ko imel, kada kuma ka jefa ta ƙarƙashin katifa don yawanci akwai wa'adi a ciki. Duba ranar, ka kai wa lauya kafin ta cika.