Kek da gahawa a jikin kan sarkin Suwidin: ga amsoshin

Ana ta turo min tambayoyi game da kan sarkin aika wasiƙa na ƙasar Suwidin, masu hoton kek da gahawa. Tambayoyin ba sa canzawa, mutane ne kawai ke canzawa. Ku karanta kafin ku sake turo min.

Da gaske kan sarki ne, ba hoton talla ba?

Kan sarki ne. Duba kalmar Sverige a jikinsa, sunan ƙasar ke nan da harshensu. Tun 1855 suke buga kan sarki, yanzu kuma kamfanin gidan waya PostNord ke fitarwa.

Me ya kai kek can?

Al'adarsu ce. Suna da hutun da suke kira fika: a ajiye aiki, a zauna a sha gahawa da ɗan abin zaƙi, a ofis ko a gida. Ƙasar da gwamnatinta ta taɓa hana shan gahawa a 1756, ta kuma sake hanawa sau da dama, yau ita ke alfahari da ita.

Gefen kan sarkina babu haƙoran nan da ake gani a bakinsa, an cuce ni?

Kwantar da hankalinka, ba wanda ya cuce ka. Suwidin ta saba sayar da kan sarki a naɗe ko a ɗan littafi, shi ya sa gefe ɗaya ko biyu ke zuwa a miƙe. Wanda ya yanke sauran haƙoran da almakashi don su daidaita, shi ne ya cuci kansa.

Yaya zan cire shi daga ambulan?

Nan ne ake ɓarna, don haka a saurara. Da farko kada ka ɓamɓare da farce, ko da ka ga gefen ya ɗaga. Yanke takardar kewaye da shi, ka bar fili kamar faɗin yatsa. Sannan ka duba irin wanda ke hannunka. Tsofaffin, masu ƙaron da ake jiƙawa da miyau, ruwa mai ɗumi-ɗumi ya ishe su. Ka bar su har su saki da kansu, ka ɗauko da hantsaki, ka shanya su a kife, ka danne da littafi. Na zamani kuwa da yawansu masu manne kansu ne. Wani yakan saki a ruwa, wani ya ƙi, wani kuma bayansa ya sale ya bar maka hoton kek sirit kamar fatar albasa. Ya danganta da shekarar bugu da irin takardar, shi ya sa ba na yi wa kowa alkawari. In kana da biyu iri ɗaya, gwada a kan mai rauni. In ɗaya ne tak, ni dai shawarata ka bar shi a jikin takardarsa. Jan ambulan na Kirsimeti kuma kada ya ga ruwa, launinsa yakan zuba. In hatimin gidan waya ya fito tsaf da sunan gari da kwanan wata, to ka ajiye ambulan ɗin ɗungurungum. Da damina a kula da laima, da hunturu kuma takarda takan kanannaɗe, sai a adana cikin kundi.

Wanne ne koren nan mai fure a ka?

Prinsesstårta, kek ɗin gimbiyoyi: kirim a ciki, kwaɓin almon da sukari a waje. Naɗaɗɗen mai kirfa shi ne kanelbulle, ranarsa 4 ga Oktoba. Mai murfi da kirim semla ne, ana cin sa kafin azumin Kirista. Rawayan mai za'afaran lussekatt ne, na 13 ga Disamba.

Zan iya aika wasiƙa da shi daga Kano?

A'a. Haba!

Musulmi zai iya cin waɗannan?

Tambayi mai toyawa, hoto ba ya nuna abin da aka kwaɓa. Dammsugare, ɗan koren nan mai cakulan a baki biyu, asalinsa ana ɗanɗana shi da wata giya mai suna punsch. Kirim ɗin wasu kek kuma ana sa masa jelatin, wanda kan iya zama na alade.

Zai yi tsada nan gaba?

Kada ka sa rai. Kan sarkin yau da kullum ne, an buga shi da yawa don aika wasiƙa. In yana burge ka, ajiye shi da tsabta, ka daina taɓa fuskarsa da hannun mai.