Sabulun salo da kayan wanke-wanken gida a zangunan Accra da Kumasi

Sabulun salo, wanda a Ghana aka fi sani da alata samina, baƙin sabulu ne mai laushi da ake dafawa da ruwan toka da man itatuwa. A Nima da Mamobi da Sabon Zango na Accra, da Aboabo da Asawase na Kumasi, ana wanka da shi, ana wanke kwanuka da tsummokaran jarirai. Yana cikin kayan wanke-wanken da ruwansu bai cika yi wa ƙasa da rafi illa ba, domin idan an dafa shi ta hanyar gargajiya duk abin da ke cikinsa daga tsiro ya fito, kuma yana ruɓewa.

Suna da asali

A harshen Twi, samina na nufin sabulu. Alata kuwa suna ne da mutanen Akan ke kiran Yarabawa da shi, an kuma ce asalinsa kalmar Yarabanci ce mai nufin mai sayar da barkono. Yarabawa da kansu ose dudu suke ce wa sabulun, wato baƙin sabulu. Ruwayar da ta fi yaɗuwa ita ce mata 'yan kasuwa daga ƙasar Yarabawa ne suka kawo shi, suna sayar da shi tare da barkono da tumatir, har matan gari suka koyi dafa shi.

Hausawa sun daɗe a yankin da yau ake kira Ghana ta hanyar fataucin goro zuwa Gwanja. Bayan da sojojin Ingila suka ƙona Kumasi a 1874, sannan yaƙin basasa ya watsa Salaga, babbar kasuwar Gwanja, a 1892, fatake da yawa suka gangaro kudu, zanguna suka cika. Sabon Zango na Accra, wanda ake danganta kafuwarsa ga Malam Bako, ya tsaya da ƙafarsa ne wajen shekarun farko na ƙarni na 20. A irin waɗannan unguwanni Bahaushe da Bayarabe suka zauna katanga ɗaya, kasuwa ɗaya. A ƙarshen 1969 gwamnatin Firaminista Busia na Ghana ta ba da umarnin korar baƙin da ba su da takardun zama, Yarabawa da yawa suka koma Najeriya. Sana'ar ta zauna a hannun waɗanda suka koya, sunan ma bai canja ba.

Itacen koko na da babban matsayi a sabulun salon Ghana. Tun da Tetteh Quarshie ya dawo da irinsa daga tsibirin Fernando Po wajen 1879 ya shuka a Mampong ta Akwapim, noman ya bazu har ƙasar Asante. Manomi ƙwayar yake so, ɓawon sai ya bar shi tsibi-tsibi a gona. Wannan ɓawo da ake zubarwa shi ya zama tushen tokar sabulu a yankunan koko.

Yadda ake dafa shi

Ana shanya ɓawon koko ko na agade har ya bushe ƙarau, a ƙona shi, a jiƙa tokar a tace. Ruwan da ya tsiyayo yana ɗauke da gishirin fotash, ɗan'uwan ruwan tokar da ake sa wa miya, sai dai ya fi shi kauri da zafi. Sai a ɗora man alayyadi a babbar tukunya, wasu su ƙara man kwakwa ko man kaɗanya daga arewa, a riƙa zuba ruwan tokar ana juyawa na sa'o'i har ya yi kumfa ya haɗe. Aiki ne mai cin itace da ƙarfin dantse, kuma galibi mata ke yin sa. Idan ya huce sai a cura shi a bar shi ya sha iska.

Fotash ɗin ne ke sa shi laushi, shi ya sa yake narkewa idan aka bar shi cikin ruwa. Launinsa na gaskiya ruwan ƙasa ne mai dabbare-dabbare. Wanda ya fito baƙi wuluk, sumul kamar an goge, sau da yawa an sa masa launi.

Sauran kayan gargajiya

Toka da yashi na kankare baƙin tukunya, lemun tsami na kashe ƙarnin kifi a kwano. Soson da ke yaɗo a jikin danga ya ja baya tun da aka saba da sapo, wanda ake yankowa daga ragar nailan irin ta masunta. Sapo ya fi ƙarko, amma ba ya ruɓewa.

Kayan kamfani

Kamfanin Lever Brothers ya buɗe masana'anta a Tema a farkon shekarun 1960, dogon sandan Key Soap da ake yankawa a sayar ya shiga kusan kowane gida. Omo ya zama sunan duk wani garin wanki, kamar yadda Parazone ya zama sunan duk wani ruwan farar da tufafi. Akwai kuma Azumah Blow, sabulun gida mai tauri da ake haɗawa da soda mai ƙuna, wanda aka laƙaba wa sunan ɗan damben nan Azumah Nelson. Yana fitar da dauɗa, yana kuma cin hannun mai wanki.

Inda ruwan wanki ke zuwa

Yawancin gidajen haya a zango ba su da hanyar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa, ruwan wanki kwata yake bi. Babbar kwatar Nima tana zuba a rafin Odaw, Odaw ta kai tafkin Korle, daga nan sai teku. A Kumasi rafukan Aboabo da Subin ne ke kwashe shi. Garin wankin da aka sa wa fosfet taki ne ga gansakuka da ciyawar ruwa. Idan suka yi yawa suka ruɓe sai su shanye iskar da kifi ke shaƙa, abin da ya sa Tarayyar Turai ta taƙaita fosfet a garin wankin gida tun 2013. Ƙananan ledojin omo na wanki ɗaya su ma a kwata suke ƙarewa, su haɗu da sauran shara su toshe ta kafin damina.

Ana saɓani kan ko kowane sabulun salo ne mai sauƙi ga muhalli. Masu suka na kawo itacen da ake ƙonawa da sodar da wasu masu dafawa ke ƙarawa don aiki ya yi sauri.

Zaɓi a yau

Kayan wanke-wanken da ke cikin kwalba ko leda ana duba musu lambar rajistar Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Ghana, FDA. Sabulun salon da ake aunawa a kasuwar Kejetia ta Kumasi ko ta Makola a Accra kuwa da ido da hanci ake gane shi, kuma mai saye kan zo da mazubinsa. Sabulu yana wanke ƙwayoyin cuta daga hannu da kwano, amma a makewayin da gidaje da yawa ke haɗawa, ko lokacin kwalara irin ta 2014 a Accra, ana buƙatar ruwan kulorin da aka sirka daidai. Ba a haɗa ruwan kulorin da lemun tsami ko ruwan wanke masai, domin haɗin yana tayar da iska mai guba da ke ƙona huhu.