Rediyo da Malaman Gona a Arewacin Najeriya

Rediyo ita ce kafar da aka fi dogara da ita wajen isar da bayanan noma ga manoman karkara a Arewacin Najeriya. Akwatinta ba ta da tsada, batir ya ishe ta ko babu lantarki, kuma tana magana da Hausa, harshen da akasarin manoman yankin ke ji ko da ba su iya karatun boko ba.

Tarihi

Binciken noma a Samaru ta Zariya ya faro tun wajajen 1922, amma kai sakamakonsa gona ya daɗe yana hannun malaman gona masu bin ƙauyuka, waɗanda ba su taɓa wadatar manoma ba. A 1962 gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe gidan rediyo da talabijin na Kaduna, wanda muryarsa a gajeren zango ta riƙa kaiwa har Nijar da Kamaru. A wajajen 1963 aka kafa sashen haɗa masu bincike da malaman gona, wanda daga baya ya zama NAERLS, hukumar ƙasa mai isar da sakamakon binciken noma ga manoma, a Jami'ar Ahmadu Bello, kuma shirya shirye-shiryen rediyo na cikin aikinta.

Ayyukan raya noma da Bankin Duniya ya tallafa wa a Funtuwa, Gusau da Gombe a tsakiyar shekarun 1970 sun ƙara wa abin ƙarfi. A wannan zamani ne takin zamani da ingantaccen irin masara suka bazu, manomi ya ji bayani a rediyo da daddare, ya kuma ga gonar gwaji da idonsa. Wannan haɗin, ji da gani, ya yi tasiri sosai a tarihin aikin. A Nijar kuwa, ƙungiyoyin sauraron rediyo sun soma tun farkon shekarun 1960, inda ake taruwa a saurara, a tattauna, a mayar wa gidan rediyo da amsa.

Tasiri

Rediyo ta fi ƙarfi wajen sanarwa: lokacin shuka, hasashen damina, ɓullar tsutsa ko farin ɗango, farashin hatsi a kasuwanni irin su Dawanau. Aikin da sai an nuna da hannu, kamar awon maganin feshi ko tazarar shuka, ba ya shiga sosai ta kunne kaɗai. Matan da ke sarrafa amfanin gona a cikin gida ma rediyo takan kai musu bayanin da malamin gona namiji ba zai iya shiga ya kai ba. Lokacin da ake sa shiri yana da muhimmanci, domin da hantsi manomi yana gona.

Talabijin ba ta yi nisa a karkara ba saboda ƙarancin wuta.

Wayar salula

Zuwan wayar salula a 2001 ya ba manoma damar bugowa cikin shiri su yi tambaya. A 2012 gwamnatin tarayya ta soma raba taki mai rangwame ta saƙon waya. Ana saɓani kan yawan ƙananan manoman da tsarin ya kai gare su.