Ƙasar da ruwan sama ke kwashewa, rijiyarmu take komawa

'Yan uwa mazauna Kaduna, ku dubi ruwan lambatu bayan an ɗauke ruwan sama a watan Agusta. Jajawur yake gudu. Wannan jar ƙasar titinku ce da ta ƙofar gidanku, kuma ba ita kaɗai take tafiya ba: tana haɗe da shara, da baƙin man gareji, da ƙazantar shaddar da ta tumbatsa. Daga Tudun Wada, Rigasa ko Unguwar Rimi, ƙarshenta Kogin Kaduna, kogin da matatar ruwa ta Malali ke ɗiba, masu lambu kuma suke ban ruwan alayyafo da latas da shi.

Ruwa mai laka yana da wuyar tacewa. Yana cin alif da yawa, sannan ƙwayoyin cuta na fakewa jikin lakar, maganin kulorin ya kasa kai musu yadda ya kamata.

Abin da ya fi damun mu ma'aikatan lafiya shi ne yadda ake yashe kwata. Matasan unguwa za su fito ranar Asabar, su sha wahala, Allah Ya saka musu da alheri, amma sai a jibge yashin da ledoji nan bakin kwatar. Ruwa ɗaya ya mayar da shi ciki. Kwata ta toshe, ruwa ya hau layi, ya shiga tsakar gida, ya gangara rijiyar da bakinta ke daidai da ƙasa. Bayan 'yan kwanaki sai mu ga yara a asibiti da amai da gudawa ko taifod. Don haka duk ranar da aka yi yasa, a nemi baro a kwashe kafin magariba.

Maigida, ka ɗaga bakin rijiya da bulo, a shafe da siminti, a yi mata murfi. In za a gina sabuwar shadda, a nisanta ta da rijiya kamar mita 30, shaddar kuma ta kasance a gangare, ƙasa da rijiyar. Uwargida, guga a rataye shi, kada ya kwana a ƙasa.

Ba dole ne a malale tsakar gida duka da siminti ba. A bar inda ruwa zai nitse. Inda zaizaya ta fara cin gefen layi, a dasa jema ko gamba a jere, saiwarsu na riƙe ƙasa. Farkon damina, Mayu zuwa Yuni, ya fi dacewa da dashen.